Motar da ke taka wa kanta birki: za ta iya da hanyar Boɗinga zuwa Shagari?

Hanyar da ta fita daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari, ta wuce Tambuwal har Jega, ba ta hutawa dare da rana. A taswirar ƙasa sunanta A1. Wanda ya miƙe ta kudu zai iya zuwa har Legas, wanda ya bi ta arewa kuma Illela za ta kai shi, bakin iyakar Nijar. Tireloli masu lodin albasa da shanu, tankokin mai, ƙananan motocin haya, 'yan kabu-kabu, amalanke, jakuna da raƙuma, duk kwalta ɗaya suke rabawa. A kanta ɗalibai ke komawa makarantun kwana idan hutu ya ƙare, kuma ita yara ke tsallakawa da safe riƙe da littattafansu.

Shi ya sa duk lokacin da bidiyon wata sabuwar mota ya zagayo wayoyinmu, ana nuna ta hango mutum ta tsaya cak ba tare da direba ya taɓa birki ba, tambaya ɗaya ke fitowa daga bakin kowa: da irin wannan mota ce ke bin hanyarmu, da rayuka nawa aka tsirar?

Tambayar ta shafe mu kai-tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma a duk duniya babu abin da ya fi shi kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato tsaranku da tsaranmu. Idan kuma aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asarar rayuka, duk da cewa motocinmu ba su kai na sauran nahiyoyi yawa ba. Don haka ya kamata mu san waɗannan na'urori, mu san abin da suke iyawa da inda ƙarfinsu ya tsaya.

Su waye mataimakan direba?

Babbansu a shekaru shi ne ABS. Kafin zuwansa, idan direba ya firgita ya danne birki da ƙarfi, tayoyi kan ƙame su daina juyawa, mota ta riƙa ja a kan kwalta, ko ya murza sitiyari ba ta jin magana. ABS yana da ƙaramar na'ura a kowace ƙafar mota da ke auna juyawarta. Da zarar taya ta yi shirin ƙamewa, sai ya saki birkin ya sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, ta yadda direba zai iya tsayawa kuma yana kaucewa a lokaci guda. Kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz na Jamus ne suka fito da shi kasuwa a 1978.

Na biyu shi ne ESC, mai hana mota ƙwacewa. Yana kwatanta inda direba ya nufa da sitiyari da inda motar ke nufa a zahiri. Idan bayan motar ya fara zamewa a kwana, sai ya kama birkin ƙafa ɗaya tak, ya rage wuta, ya dawo da ita kan hanya kafin direba ya gama gane abin da ke faruwa. Ya fito a 1995, amma abin da ya yaɗa shi ya faru ne a 1997 a ƙasar Suwidin. Wasu 'yan jarida suna gwada wata sabuwar ƙaramar Mercedes, irin gwajin kauce wa dabbar daji da ta faɗo hanya ba zato, sai motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da fitar da ita, ya sanya mata wannan na'ura, daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu.

Sai ƙannen baya, waɗanda ke da ido. Akwai kyamara a saman gilashin gaba, kusa da madubi, da kuma rada a cikin bamba, wadda ke aika igiyar rediyo ta daki abin da ke gaba ta dawo, kwamfutar motar ta lissafa nisansa da gudunsa. Daga cikinsu akwai mai yin ƙara idan ka matsi motar gabanka, akwai mai taka birki da kansa idan ka yi jinkiri, akwai mai gargaɗi idan ka fita daga layinka, akwai kuma mai kunna ɗan haske a madubin gefe idan wata mota ta laɓe inda ba ka ganin ta.

Dukansu mataimaka ne, kamar yaron mota. Tuƙi da alhakinsa suna wuyan direba.

Abin da ƙididdiga ta nuna

A Amurka akwai cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta. Tana kwatanta rahotannin 'yan sanda na motoci iri ɗaya, wasu da na'ura wasu babu. Ta gano cewa birki mai taka kansa ya rage dukan mota ta baya da kashi 50 cikin 100, yayin da ƙarar gargaɗi kaɗai ta rage shi da kashi 27. Mai lura da gefe ya rage haɗarin sauya layi da kashi 14. Mai gargaɗin fita daga layi ya rage irin haɗurran da suka shafe shi da kashi 11. Shi kuwa ESC, wanda ba shi da kyamara ko rada, ya rage da kusan rabi yiwuwar mutuwa a haɗarin da mota ke ƙwacewa ita kaɗai ta bar hanya ko ta wuntsila.

Waɗannan alƙaluma ba wasa ba ne, shi ya sa hukumomi suka mayar da na'urorin doka. Amurka ta tilasta ESC a sababbin motoci tun daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Daga Yuli 2024 duk sabuwar motar da za a sayar a Tarayyar Turai sai tana da birki mai taka kansa da na'urar da ke faɗakar da direba idan ya wuce gudun da aka ƙayyade.

Amma a lura da inda aka tattara alƙaluman: hanyoyi masu farin layi da alamomi, da motocin da ake duba lafiyarsu a kan kari. Idan aka ɗauko motar aka ɗora ta tsakanin Boɗinga da Shagari, sai ta gamu da jarrabawar da ba a koya mata ba.

Inda idon na'ura ke gazawa

Abu na farko duhu ne. A 2022 cibiyar IIHS ta bayyana cewa birkin da ke gane mai tafiya a ƙafa ya rage kaɗe mutane da kashi 27 cikin 100, amma da dare a hanyar da babu fitilun titi, motar da ke da shi da wadda ba ta da shi duk ɗaya suke. To, bayan isha'i, da ka bar cikin gari a hanyarmu, hasken da ke akwai shi ne na fitilar motarka da na mai tahowa da ke kashe maka ido.

Na biyu gudu ne. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta yi gwaji a 2022. A gudun kilomita 48 a awa, motocin sun tsaya ba tare da sun daki abin da ke gabansu ba sau 17 cikin 20. Da aka ƙara gudun zuwa kilomita 64, sau 6 kacal suka tsaya cikin 20. Ƙarin kilomita 16 kawai ya mayar da gwani dolo. Duk wanda ya taɓa leƙa allon gudu a motar haya bayan an wuce Boɗinga ya san ba a 64 allurar ke tsayawa ba.

Na uku layi ne. Na'urar da ke riƙe mota a hannunta fenti take karantawa. Inda farin layi ya goge, ko yashi ya rufe shi, ko aka yi facin kwalta ba a sake zana shi ba, ta zama makauniya. Haka kuma hazon hunturu, ruwan damina mai ƙarfi, rana idan ta yi ƙasa tana haska gilashi, da ƙurar da ke manne wa kyamara, duk suna rage mata gani.

Na huɗu shi ne abin da ba ta saba gani ba. Kwamfutar mota tana gane abu ne daga dubban hotunan da aka horar da ita a kansu. A 2017 kamfanin Volvo ya bayyana cewa na'urarsa ta gane manyan dabbobi, wadda ke aiki da kyau a Suwidin, ta rikice a Ostareliya da ta gamu da kangaru, dabbar nan mai tsalle da ƙafafun baya: idan tana sama na'urar ta ɗauka tana nesa, idan ta dira ta ga ta kusa. Ku ƙiyasta abin da za ta yi da raƙumin da aka yi wa lodin kara har ya fi faɗin mota, ko amalanken da ba shi da fitila, ko babur ɗauke da mutum huɗu da buhun gero.

Na biyar kuma shi ne mafi muni. A mafi yawan tsawonta hanyarmu ba ta da shinge tsakanin mai zuwa da mai komawa. Haɗarin da ya fi tsoratar da mu a irin wannan hanya shi ne taho-mu-gama, lokacin da direba ya fito zai wuce tirela ya tarar da wata mota a gabansa. Yawancin birkunan nan an ƙera su ne don motar da ke gabanka kuna tafiya hannu ɗaya. Motoci biyu da ke tunkarar juna, kowace da gudun 100, tazarar da ke tsakaninsu tana ƙarewa da saurin kilomita 200 a awa.

Har a ƙasashen da aka ƙera su, wanda ya sakar musu ragama ya ji jiki. A Mayu 2016 wani mai Tesla ya rasu a jihar Fulorida ta Amurka, bayan na'urar tuƙin motar ta kasa bambance farin gefen tirela da hasken sararin sama, shi ma kuma bai taka birki ba.

Ɗauko biro mu yi lissafi

Wannan lissafin ɗan aji huɗu na sakandare zai iya shi. Kilomita 100 a awa daidai yake da mita 100,000 cikin daƙiƙa 3,600, wato kimanin mita 28 a kowace daƙiƙa. A ce akuya ta faɗo hanya, direba ya ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ƙafarsa ta kai kan birki. Motar ta riga ta ci mita 42. Daga nan, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, tana buƙatar kusan mita 55 kafin ta tsaya. Jimla mita 97, kusan tsawon filin ƙwallo.

Yanzu a rage gudun zuwa 50. Mita 21 kafin taka birki, mita 14 bayan takawa, jimla 35. Ku lura da abin da malamin fiziks ke faɗa: idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkawa.

A nan asirin yake. Na'ura ba ta firgita, ba ta gyangyaɗi, ba ta duba waya, don haka tana iya ceto wani ɓangare na mita 42 ɗin farko. Amma mita 55 na biyu magana ce tsakanin roba da kwalta, babu kwamfutar da za ta sa baki. Idan taya ta suɗe, ko ruwa ya jiƙa hanya, ko an yi wa motar lodin da ya fi ƙarfinta, nisan ƙaruwa yake yi. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade kilomita 50 a cikin gari, 80 a irin wannan babbar hanya ga ƙananan motoci da bas, 50 ga tireloli da tankoki. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana cewa gudun wuce sa'a ne kan gaba wajen jawo haɗari a ƙasar nan. Daga 1 ga Fabrairu 2017 ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu, wadda ke rage man da ke zuwa inji idan mota ta kai iyakar da aka saita mata. Ba ta da kyan gani a bidiyo, amma lissafin da muka yi ya nuna ita ce ta taɓa jijiyar matsalar. Sai dai amfaninta yana ƙarewa ranar da aka kai ta wurin mai gyaran wuta ya cire mata waya.

Dukiyar da ke hannunmu ba mu sani ba

Yawancin motocin da ke tashoshinmu 'yan Kwatano ne, an more su a wata ƙasa kafin su iso. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ruwaito a 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka zo. Ma'ana, fasahar da ta fito yau a can sai ta yi shekara goma ko fiye kafin ta iso tashar Shagari.

Wannan yana da daɗi ta wani gefen. Motocin da ke shigowa yanzu da yawansu suna da ABS, wasu har da ESC, wato na'urorin da ba ruwansu da farin layi ko hasken rana, kuma su ne suka fi dacewa da hanyarmu. Matsalar ita ce yadda muke riƙon su.

Ga gwajin da kowane ɗalibi zai iya yi a motar gidansu. Idan an kunna makulli, fitilu da dama kan kama a allon gaban direba, ciki har da mai rubutun ABS da ta jakar iska. Cikin daƙiƙu kaɗan ya kamata su mutu. Idan ta ABS ta ci gaba da ci, motar tana faɗa muku ne cewa na'urar ba ta aiki. Mun sha ganin motar da aka manna wa wannan fitila baƙin salatif don kada ta dami direba. Idan kuma ba ta kama ba sam tun farko, a bincika, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye laifi ga mai saye.

Akwai kuma abin da direbobi da yawa ba a gaya musu ba. Idan ABS ya shiga aiki, birki kan yi kakkarwa a ƙarƙashin ƙafa yana ƙara. Wasu sai su tsorata su ɗaga ƙafa, alhali lokacin ne ya kamata a danne a riƙe, a murza sitiyari a kauce. A kan yashi ko tsakuwa kuma yakan ɗauki nisa kafin ya tsayar da mota, don haka sauka daga kwalta da gudu ganganci ne ko da wace irin mota.

Sai taya. A gefenta akwai lambobi huɗu na ƙarshe da ke nuna ranar haihuwarta: 2319 yana nufin mako na 23 na shekarar 2019. FRSC na gargaɗin cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta. Tsohuwar roba a kan kwaltar Sakkwato cikin zafin Afrilu ba ta da amana, kuma ABS da ESC duk ta cikin taya suke aiki.

Fasinja ma na'ura ce

Fasahar da ta fi kowace tsirar da rai a mota ba ta da waya ko batir. Wani injiniyan Volvo mai suna Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaura shi yana rage yiwuwar mutuwa har zuwa rabi. A Najeriya an fara tilasta shi tun Janairu 2003, amma har yau ana zagaya shi ta bayan kujera a maƙala don ƙarar ta yi shiru, ko a rataya shi idan an hango jami'ai. Idan kuma aka cusa mutum biyu a kujerar gaba, aƙalla ɗaya ba shi da kariya. Jakar iska ma da bel aka ƙera ta ta yi aiki. Idan ta fashe a fuskar wanda bai ɗaura ba, ko yaron da ke kan cinya, ita kanta tana iya yin illa.

Haka hular kwano ga mai hawa babur: hukumar ta ce tana rage raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Direban da ke amfani da waya kuwa ya ninka wanda ba ya yi kusan sau huɗu wajen yiwuwar yin haɗari.

A Kenya wasu malaman jami'a biyu, James Habyarimana da William Jack, sun gwada wata dabara mai arha. Sun liƙa takardu a cikin motocin haya suna kiran fasinjoji su yi magana idan direba yana tuƙin ganganci. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna cewa neman diyyar haɗari daga inshora ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku a motocin da aka liƙa wa takardun. Wato bakin fasinja ya yi aikin da ya yi kusa da na kyamara da rada.

Mun san da nauyi ɗalibi ya yi wa babba magana. Amma akwai lafazin da ba ya ɓata wa kowa rai: "Baba direba, don Allah a ɗan sassauta, ba ma sauri." Sau da yawa mutum ɗaya ake jira ya fara, sai ka ji wata dattijuwa daga baya ta ce, "Gaskiyar yaron nan, a yi a hankali." Idan aka ce muku komai nufin Allah ne, ku amsa da ladabi cewa haka ne, kuma Allah ya ce tashi in taimake ka.

Masu tafiya a ƙafa kuma ku bi gefen da kuke fuskantar motoci, ku sa tufa mai haske da dare ko ku riƙe tocila, kada ku tsallaka ta gaban tirelar da ke tsaye. Ku haddace lamba 122, layin gaggawa na FRSC, kiranta kyauta ne.

Aikin da ke jiran ku

Amurka ta sa doka cewa daga Satumba 2029 kowace sabuwar ƙaramar mota sai tana da birki mai taka kansa, wanda zai gane mutum da rana da kuma cikin duhu. Motocin wannan zamani za su iso mana a matsayin 'yan Kwatano lokacin da ku kuka zama masu gari. Idan aka canza musu gilashin gaba ko aka buga bamba, dole a sake saita kyamara da rada da kwamfuta, in ba haka ba su riƙa kallon inda ba nan ba. Wa zai yi wannan aiki a Boɗinga? Wa zai koya wa na'ura kamannin raƙumi da amalanke? Wa zai tsara hanyar da ke da layi da fitila da wurin tsallakawar yara a bakin makaranta?

Kada ku ce abin ya fi ƙarfin ɗan Sakkwato. Jelani Aliyu ya yi karatu a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Sakkwato, ya tafi Amurka ya zama mai zana motoci a kamfanin General Motors, inda ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. A 2017 ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. Daga aji irin naku ya fara.

Kafin nan, akwai abin da za ku iya a wannan zangon. FRSC tana da kulob na kiyaye haɗurra a makarantu. Idan babu a taku, ku roƙi shugaban makaranta a buɗe. Ku nemi malami ya raka ku, ku tsaya nesa da kwalta na minti talatin, ku ƙirga motoci nawa suka wuce da direbobi nawa suka ɗaura bel, babura nawa da masu hular kwano nawa. Ku rubuta, ku karanta a taron safe, ku aiko mana da sakamakon a wannan shafi. Makarantun Boɗinga da na Shagari, muna jiran mu ga wa zai riga wani.